Darasi: Yinin Matashin Mai Bishara a Ƙasar Waje Lokacin Kirsimeti

Masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da hunturu. Ina gaida iyayenmu da ke Sabon Gari da Badawa da Birget, da 'yan'uwanmu na ƙasar Sumaila da Tudun Wada da Rogo waɗanda suke kama mu a rediyo. Darasinmu na yau na mutum biyu ne. Na farko shi ne matashin da ikilisiya ta aika hidimar bishara a wata ƙasa, ga Kirsimeti ya ƙarato, kuma ba zai zo gida ba. Na biyu su ne iyayensa da ya bari a nan Kano. Don haka Mama, kada ki tashi, rabin maganar taki ce.

Kun dai ga yadda gari yake a wannan wata. Tela a kasuwar Sabon Gari ba ya runtsawa, manyan motoci suna ta lodi zuwa kudu, kaza ta yi tsada, kowa yana haramar gida. To shi mai bishara, wannan ne watan da ba ya motsawa ko nan da can, domin 'yan tsirarun masu bi da ke hannunsa ba su da wani wanda zai bi da su sujada in ba shi ba. Kuma abin ba yau ya fara ba. A farkon Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas daga ƙetare, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Nesa da iyayensu suka yi Kirsimetin shekarar, biyu daga ciki kuma ba su ga na gaba ba, ciwo ya ɗauke su a 1894. Daga aikin da suka fara ne mishan ta SIM, wato ƙungiyar masu bishara ta Sudan Interior Mission, ta fito, daga ita kuma aka samu ikilisiyar ECWA a 1954. Yau ga shi 'ya'yanmu ne suke tsallaka iyaka.

Zan ɗauki Jamhuriyar Nijar in yi misali da ita, domin ita ce kusa, kuma ita na sani. In ka bi ta Katsina da Jibiya ka faɗa Maraɗi, in ka bi ta Daura da Kongolam ka nufi Damagaram. SIM ta shiga Damagaram tun 1924, asibitinta na Galmi kuma, garin albasar nan, yana aiki tun 1950. Duk da haka Kirista a ƙasar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ka riƙe wannan adadi, ɗana, shi zai fassara maka duk abin da zan faɗa.

Mu fara da asuba. Ladanin unguwa zai tashe ka ko ba ka da agogo, sai ka ɗauki kiran nan a matsayin lokacin tashinka kai ma. Maƙwabcinka ya fita cikin sanyin nan ya yi alwala, bai kamata rana ta fito ta same ka a ƙudundune cikin bargo ba, mutane suna lura. Ka wanke fuska, ka yi addu'a, ka buɗe Littafi Mai Tsarki. A nan akwai abin da nake so ka rarrabe. Karatun da za ka yi don shirya wa'azi daban, wanda za ka yi don ciyar da ranka daban. A watan Disamba wa'azi yana yawa, sai ka iske yaro ya yi mako biyu yana buɗe Luka sura 2 don ya koyar da wasu, shi kansa bai karanta ko aya ɗaya don kansa ba. Markus 1:35 ya nuna mana Yesu yana tashi tun da sauran duhu, ya keɓe ya yi addu'a, alhali jama'a suna nemansa. Rabin sa'a ya isa, amma kada ka bari ta wuce ka.

Daga nan sai ruwa da shara da karin kumallo. Ka ci abinci, ina roƙonka. Koko da ƙosai, ko shayi da dogon burodin nan nasu, ko fura in ita ta samu.

Sai gaisuwa, kuma a nan zan daɗe, domin ita ce rabin aikinka. Kafin ka je ko'ina, ka leƙa zauren mai unguwa, ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi yadda ka saba gaida dattijo a gida. Ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, yaya iyali. Kada ka yi sauri. In an miƙo maka ƙaramin kofin shayi ka karɓa, in an ce za a yi na biyu ka zauna. Wani yaron yana ganin zaman nan ɓata lokaci ne, yana ɗokin ya tafi "aiki". To zaman nan shi ne aikin. Mutumin da bai san sunanka ba, bai san ɗan wane ne kai ba, bai taɓa ganinka a gidan rasuwa ko wajen suna ba, me zai sa ya saurare ka? Kuma ka riƙe mutuncin addinin mutane. Ba a aike ka musu ba, ba a aike ka zagi ba. Wanda ya tambaye ka abin da ka gaskata, ka faɗa masa a fili cikin ladabi. Wanda bai tambaya ba, ka zama maƙwabcin kirki gare shi. Mu da muka tashi a Kano mun san wannan zama tun muna yara.

Ke kuma 'yata, in ke aka aika, ƙofarki ta cikin gida ce. Ki yi sallama, ki shiga wajen matan, ki kama taɓarya ko tsintar zogale tare da su. Ki sa zane da mayafi yadda matan garin suke sawa.

Da hantsi sai koyon harshe. Kada ka ce ai Hausa ake ji a Maraɗi. Takardun hukuma da na asibiti yawanci da Faransanci za ka same su, in kuma Yamai ko Doso aka tura ka, sai ka haɗa da Zabarmanci. Ko lissafin kasuwa sai ka sake koyo, domin da dala ake ƙirga sefa, kuɗin ƙasar, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi. Sa'a ɗaya kullum, da littafi da alƙalami da wani yaron makaranta da zai riƙa gyara maka baki.

Bayan azahar ka ɗan kwanta. Da la'asar yara za su zo koyon waƙa da haddar ayoyi da wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu. Bari in zana muku yadda abin yake. Majami'ar ɗaki ɗaya ce ta ƙasa, benci huɗu ko biyar, sauran tabarma. Yarinyar da za ta fito a Maryamu ta aro mayafin uwarta, jaririn kuwa ɗan tsumma ne aka naɗe a zane aka kwantar cikin ƙwarya. Makiyaya sun zo da sandunan kiwonsu na gaske, wani ma da ɗan akuyarsa. Ba ganga sai jarka da ake bugawa. Yaran maƙwabta sun cika taga suna leƙe. Ɗana, kada ka tsaya kana auna wannan da ƙungiyar mawaƙan cocinku ta Kano mai kayan kiɗa da riguna iri ɗaya. Ranar da ka fara cewa "a wurinmu ba haka ake yi ba", ranar ka fara karya wa mutanenka gwiwa. Wajen dabbobi aka haifi Mai Ceto aka sa shi a komi, kuma yaran nan sun fi mu sanin komin dabbobi.

In magariba ta yi, ka kasance a gida. Ban yarda da tafiyar dare a kan babur ba, ko da wa ya kira ka, sai in shugabanninka na can sun sani kuma akwai ɗan gari tare da kai. Takardunka, fasfo da katin rigakafin shawara da takardar ikilisiyar da ta karɓe ka, su zauna wuri ɗaya da ka sani. A Luka sura 10 biyu-biyu Ubangiji ya aiki almajirai, don haka in akwai abokin hidima, ku riƙa sanin inda juna yake.

Yanzu ranar kanta. Tun ana saura mako ka zauna da dattawan ikilisiya da shugabar zumuntar mata ku yi lissafi: mutum nawa, mudun shinkafa nawa, me kowa zai iya kawowa. Kada ka ci bashi don ka burge. In za a yanka akuya ko kaji, ka roƙi maƙwabcinka Musulmi ya yanka, don kowa ya ci hankali kwance. Haka iyayenmu suke yi a nan Kano, su kawo mana naman layya da Babbar Sallah, mu kai musu shinkafa da Kirsimeti. Bayan sujada, a zuba a kwanuka, kwanon mai unguwa shi ne na farko, sai na liman, sai na tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, a ɗora wa yara su kai. Kai ma duk abin da aka ajiye a gabanka ka sa hannu ka ci, ko tuwon gero ne da miyar kuka ranar Kirsimeti. Wa'azinka kuma ya zama gajere, da Hausar da tsohuwa za ta gane.

To iyaye, ga taku. Maganar waya. Akwai wata ikilisiya mai hedikwata a jihar Yuta ta Amurka, wadda aka fi sani da Mormon, samarinta suna fita hidimar shekara biyu tun suna da shekara 18. Har zuwa farkon 2019, sau biyu kacal a shekara ake barinsu su kira gida, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata. Daga baya aka sassauta, aka ce su riƙa kira kowane mako. Koyarwarmu da tasu ba ɗaya ba ce, amma na kawo wannan don ku ga ko masu tsauri irin haka sun gane cewa muryar uwa tana ƙara wa yaro ƙarfi. Sai dai a san yadda za a yi kiran. Mama, in kin kira, kada ki fara da kuka. Kada ki jera masa wane ya zo, wane ya zo, kai kaɗai ne babu. Ya riga ya sani, da shi ya kwana. Ki tambaye shi sunayen mutanensa, me yaran suka rera, wa ya ci abincinsa. Ki sa masa albarka, ki miƙa wa Baba ya yi addu'a. Matsalar gida da ba zai iya komai a kai ba, a bar ta sai bayan biki. Ku tsayar da lokaci tun kafin ranar, da yamma ya fi, domin da safe yana kan hidima. Nijar da Chadi da Kamaru agogonmu ɗaya. Ghana da Mali da Burkina Faso da Senegal muna gabansu da sa'a ɗaya, Kenya da Habasha kuwa suna gabanmu da sa'a biyu. In Habasha ko Masar ɗanku yake, ku sani yawancin Kiristan can sai 7 ga Janairu suke bikinsu, don haka 25 ga Disamba na iya zame masa ranar aiki kamar kullum. Shi ya fi kowa bukatar kiranku a ranar.

Saƙo kuma a aika da wuri. Yaji, ƙuliƙuli, garin kunu, rigar sanyi, man kaɗanya don kaushi. In kuɗi ne, ku bi ta ofishin mishan ko hannun wanda kuka sani, ku tambayi farashin sefa a kasuwar 'yan canji ta Wapa kafin ku canza, kuma ku faɗa masa adadin da kuka aika. Ku tambaye shi ko ya yi rigakafin sanƙarau, domin daga hunturu zuwa bazara ne lokacinsa a wannan yanki namu. Ɗana, zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne, ka tafi asibiti a ranar.

Abu na ƙarshe, kuma shi mutane suka fi mantawa. Kewar gida ba ta cika kama mutum ranar 25 ba, ranar yana cikin jama'a, ba shi da sukuni. Kwana biyu ko uku bayan nan take zuwa, an wanke tukwane, baƙi sun watse, ya buɗe Facebook ya ga hotunan 'yan gidansu cikin anko. Kewa kamar hayaƙin ɗanyen itace take, in ka rufe ɗaki da ita sai ta shaƙe ka. Don haka kada ka kulle kanka. Ka ajiye wayar, ka bi gidajen da aka kai wa abinci ka karɓo kwanuka da kanka, ka zauna a yi hira. Ka rubuta rahotonka na ƙarshen shekara da gaskiya, har da abin da ya yi maka nauyi. In kana da abokin hidima a gari na kusa, ku nemi izini ku haɗu ku kwana ɗaya tare kafin addu'ar shiga sabuwar shekara. In kuwa baƙin cikin ya wuce mako biyu, ba barci, ba cin abinci, ka faɗa wa faston da ke lura da kai, ba abin kunya ba ne.

Ku kuma matasan ikilisiya da ke nan Kano, ga aikin gida. Ku nemi sunayen waɗanda cocinku ta aika, ku raba kwanakin a tsakaninku daga 26 zuwa 31 ga wata, kowace rana mutum ɗaya ya kira. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki maganar takardun tsallaka iyaka dalla-dalla. A kwana lafiya.