Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke da ikon yafe wa mai laifi?

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙar farko daga wani ƙauye ta fito a ƙasar Ringim. Malam ya ce an sace masa tunkiya, 'yan sintiri sun kama yaron da ya sace ta, yanzu iyayen yaron sun haɗo Malam da dattawa. Ya yafe ne, ko a tafi kotu?

Malam, ka duba inda maganar ta kai. Muddin tana zauren mai unguwa ko dagaci, wuƙa da nama suna hannunka. In ta je gaban alƙali, sata ta tabbata da sharuɗɗanta, ceto ya ƙare. Safwan ɗan Umayya ya so yafe wa wanda ya sace masa mayafi, Annabi (SAW) ya tambaye shi me ya hana shi yi tun kafin ya kawo shi. Sharuɗɗan kuwa da tsauri: kayan su kai rubu'in dinari, kuma a ɗauke su daga ma'ajiyarsu. Tunkiyar da aka kwance daga turke daban take da wadda aka kora daga wurin kiwo. Ta biyun babu haddi, sai horon da alƙali ya ga ya dace.

In za ka yafe, a rubuta: kuɗin tunkiyar, ranar biya, shaidu biyu, dagaci ya sa hannu. Sulhun fatar baki da kaka yake wargajewa, in kuɗi sun shigo kowa ya tuna abu daban. Amma in yaron ya saba, mu dai ba mu ga alherin rufa masa asiri ba, turken maƙwabcinka zai koma.

Sai wata baiwar Allah daga Gaya. An kashe ƙaninta a faɗa, ɗaya cikin 'ya'yansa maza ya ce ya yafe. Tana tambaya: yafewarsa ta rufe maganar ke nan? Hajiya, Allah Ya jiƙansa. A Malikiyya, yafewar ɗayan ta sauke ƙisasi, sauran su karɓi rabonsu na diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne ko dinari 1,000. Shi ma mai kisan bai tsira ba: bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Kisan gilla kam, wato wanda aka yi ta hanyar yaudara, babu mai yafe shi.

Ki bincika kotun da shari'ar take. In Babbar Kotun Jiha ce, gwamnati ce mai ƙara, yafewar dangi ba ta rufe fayil. Bayan hukunci, afuwa tana hannun gwamna, bisa sashe na 212 na tsarin mulkin 1999.