Sharhi: Daga Giwar Al-Jazari Zuwa Motar da ke Yawo a Duniyar Mars

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau a kan mutum-mutumi ne, wato robot, kuma sunan nan da muka ba shi ya daɗe yana damuna. Da an ce mutum-mutumi sai hankalin kowa ya tafi kan wani ƙarfe mai kai da ido da ƙafa biyu yana takawa yana magana, alhali waɗanda suka canza duniya da gaske yawancinsu ko fuska ba su da ita.

Abin ba yau ya fara ba fa. Tun ƙarni na 1 wani masani a Iskandariyya mai suna Hero ya tsara ƙofofin ɗakin bauta da suke buɗe kansu in an kunna wuta. Amma ni wanda ya fi burge ni shi ne Al-Jazari, injiniyan fadar sarki a Diyarbakir, a Turkiyya ta yanzu, wanda ya kammala littafinsa a 1206. Ku saurari yadda agogonsa na giwa yake aiki. A cikin cikin giwar akwai tankin ruwa, a kan ruwan akwai kwano mai 'yar huda a gindi, ruwa yana shiga kaɗan-kaɗan har rabin awa ta cika kwanon ya nutse, yana nutsewa sai ya ja igiya, igiyar ta saki wani ƙwallon ƙarfe daga sama ya faɗa bakin maciji, macijin ya sunkuyo saboda nauyi ya jawo kwanon ya dawo sama, direban giwar kuma ya buga ƙararrawa. Babu lantarki, babu batir, ruwa ne kawai da nauyi da basira. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai na jinjina wa mutumin nan.

Turawa ma sun yi nasu. A shekarun 1770 wani mai ƙera agogo a Suwizalan, Jaquet-Droz, ya yi wani yaro na inji da yake tsoma alƙalami a tawada ya yi rubutu, idonsa na bin hannunsa, kuma har gobe yana nan a gidan tarihi na Neuchâtel yana aiki. To amma ga inda gizo ke saƙa, yaron nan ko tawadar ta ƙare zai ci gaba da jan alƙalami abinsa, don bai san ta ƙare ba. Duk waɗancan na'urori haka suke, abin da aka sassaƙa musu a ƙarfe shi suke maimaitawa, ba sa ji ba sa gani, aikinsu burge sarakuna da baƙinsu.

Ita kalmar robot ɗin sai 1920 ta fito, a wani wasan kwaikwayo na marubucin ƙasar Cek, Karel Capek, daga kalmar robota, wato aikin tilas da talaka yake yi wa mai gona. Kuma aikin wahala ɗin ne ya fito da su daga fada. A 1961 kamfanin General Motors ya kafa Unimate a masana'antarsa ta New Jersey a Amurka, ƙirar George Devol, hannu ɗaya ne tal na ƙarfe, aikinsa ya ɗauko ƙarafa masu zafi daga injin zubi ya jera su, aikin da a da yake ƙona ma'aikata. Japan ta karɓi abin hannu bibbiyu, Kawasaki ya fara ƙera irinsa, yau ga su nan birjik suna walda da fenti a masana'antun mota. Akwai waɗanda suka tsira da lafiyarsu saboda hannun nan, akwai kuma waɗanda suka rasa abincinsu, kuma ba na jin daɗin yadda ake saurin tsallake maganar su na biyun.

Babban sauyi ya zo ne da aka ba inji ido da kwamfuta. Tsakanin 1966 da 1972 a Kalifoniya aka yi wani mai suna Shakey, don rawar jiki da yake in yana tafiya, yana da kyamara, yana duba ɗaki ya tsara hanyarsa ya kauce wa abin da ya tare shi. Daga wannan tsatson motocin Mars suka fito, Sojourner a 1997, Perseverance a 2021. Saƙo daga nan zuwa can yakan ɗauki har sama da minti 20, kun ga ba yadda za a yi ka zauna kana juya mata sitiyari, dole ita da kanta ta ga dutse ta kauce.

Masu kama da mu ɗin fa? Honda ta fito da ASIMO a 2000, yana hawa bene yana gaisawa da shugabanni, a 2022 aka yi masa ritaya bai taɓa zama ma'aikacin gidan kowa ba. Yanzu kamfanoni sun sake dawowa kan masu ƙafa biyu gadan-gadan, ana zuba kuɗi, amma har yau ɗauko riga daga tulin wanki a ninke ta da kyau da sauri, abin da yaro ɗan shekara 10 zai yi yana hira, yana ba su wuya sosai.