John Norum: mai jitar da ya tafi ana tsakiyar cin kasuwa

Jama'a kun san wannan kiɗan da ake sakawa a filin ƙwallo ko wajen dambe, The Final Countdown? To jitar nan da ke shigowa a tsakiya kamar ana yayyafa wuta, hannun John Norum ne. An haife shi 1964 a Vardø, wani ɗan gari can ƙurya arewacin Norway inda a lokacin sanyi rana kan yi makonni ba ta fito ba, amma tun yana jariri aka koma da shi Sweden, ya tashi a Upplands Väsby kusa da Stockholm, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka ɗan Sweden ne.

A 1979 shi da abokinsa Joey Tempest suka haɗa ƙungiya mai suna Force, 1982 suka ci wata gasar kiɗan rok ta ƙasa, sunan ƙungiyar ya koma Europe. Sai 1986 waƙar nan ta fashe, duniya ta ɗauka, kuɗi ya fara shigowa ta ko'ina.

To a nan ne abin mamakin. Ƙarshen shekarar 1986 ɗin Norum ya ajiye ya ce ya tafi. Wallahi ana cikin daɗi fa! Damuwarsa ita ce kibod ya danne jita a faifan, ga yawan zaman hira da 'yan jarida da buɗe baki a talabijin ana sa faifai kamar su suke bugawa, shi kuma so yake yatsunsa su taɓa tsirkiya a ji shi da gaske. Kee Marcello ya maye gurbinsa, har ma in ka kalli bidiyon waƙarsu Carrie fuskar Marcello za ka gani alhali jitar da ke kunnenka ta Norum ce, ni wannan abu yana taɓa ni.

1987 ya fitar da faifansa na kansa, Total Control, daga baya ya yi aiki da mawaƙin rok Don Dokken a Amurka. Daren shiga shekarar 2000 Europe suka hau dandali a Stockholm da masu jitar biyu a tsaye, sannan 2003 Norum ya dawo ƙungiyar dindindin. Faifan da suka fitar 2004 kuwa ku saurara da kanku, jita ce a gaba, kibod ya koma baya.