Lacca: Na'urar da ke rarrabe abubuwa ta hanyar wulwulawa

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi kwalbar nan da ke hannuna, ruwa ne da laka na girgiza. In na ajiye ta zuwa gobe, lakar za ta kwanta a ƙasa, ruwan ya taso garai-garai. Nauyi ne ya yi aikin, amma a hankali. To aikin santirifuj kenan, wato na'urar da ke rarrabe abubuwa ta hanyar wulwulawa, sai dai ita ba ta jiran gobe.

Duk wanda ya taɓa wulwula majajjawa ya ji yadda dutse ke fizgar igiya yana neman ficewa. Haka abin yake a cikin na'urar. Tana juyi, abin da ya fi nauyi ya ruga can baki-baki, marar nauyi ya tsaya kusa da tsakiya.

Inda abin ya fi burge ni shi ne ɗakin gwajin jini. A zuba jini a 'yar kwalba, a wulwula shi kamar sau 3,000 a minti ɗaya, har tsawon minti 10. In aka ciro, sai ka ga ya kasu uku. Jajayen ƙwayoyi sun kwanta a ƙasa, wajen kashi 45 cikin 100. A kansu akwai wani siririn layi fari-fari, can fararen ƙwayoyi suka taru. Sama kuma ruwan jini ne, rawaya-rawaya. Da ganin tsawon jan nan ake gane mai ƙarancin jini. Ɗalibai, ku riƙe wannan: kada ku kunna na'urar sai kun sa wata kwalba mai nauyi ɗaya a ramin da ke fuskantar ta farko. In ba haka ba, za ta yi ta jijjiga har ta lalace.

Tun 1878 Gustaf de Laval na Suwidin ya ƙera mai raba madara da mainta. Injin wanki ma da wannan dabarar yake matse tufafi.

Sai yuraniyom, ma'adinin da ake samar da makamashin nukiliya da shi. Nau'insa da ake buƙata, mai suna 235, kashi 0.7 ne kacal cikin 100 na yuraniyom ɗin da ake haƙowa, kuma kaɗan nau'in 238 ya fi shi nauyi. Shi ya sa ake mai da yuraniyom ɗin iska, a bi da shi ta dubban na'urori a jere, kowace ta tace kaɗan ta miƙa wa ta gaba. Tashar lantarki ta nukiliya na buƙatar nau'in 235 ya kai kashi 3 zuwa 5, bam kuwa wajen 90. Na'urar ɗaya ce, yawan tacewar ne ya bambanta. Dalilin da ya sa kenan masu binciken hukumar nukiliya ta duniya suka yi shekaru suna ƙirga na'urorin da ke cibiyar tace yuraniyom ta Natanz a Iran.