Kafin Mu Ce Gunki, Mu Tsaya Mu Duba

Masu sauraro, kalma guda ce ta tunzura ni yau. A gidan adana kayan tarihi na Jos, wani magidanci ya tsaya gaban kan mutum na yumɓu da aka tono daga ƙasar Nok, ya yi tsaki, ya ce "gunki", sannan ya ja hannun ɗansa suka wuce, alhali yaron ya ƙura wa fuskar nan ido yana shirin yin tambaya.

Yaron ya duba, uban kuwa ya yanke hukunci ba tare da ya duba ba, kuma wannan ita ce cutarmu. Da ya tsaya, da ya ga idanu masu kusurwa uku da aka huda ƙwayarsu, da kitso mai tsari wanda kowace makitsiya za ta yaba, da cikin da aka bari rami kamar na tukunya don kada ya fashe a wuta. Wannan aikin hannu ne na mutanen da suka rayu a kudancin Kaduna fiye da shekara 2000 da suka wuce, waɗanda suka san narka ƙarfe a Taruga, kusa da Abuja ta yau.

Za a ce ana tsoron shirka ne. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ina girmama shi, amma gunki shi ne abin da ake bauta wa, kuma babu wanda ya ce a durƙusa wa tukunyar tarihi a bayan gilashi.

Rashin dubawar nan ya daɗe yana cutar da mu. Shahararren kan yumɓu na Nok da aka gano a yankin Jama'a, a kudancin Kaduna, a 1943, sai da ya yi zaman mutum-mutumi a gonar doya kafin ya isa hannun Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi. A shekarun 1990, masu haƙa ta ɓarauniyar hanya suka rarake filayen Nok da na Kwatarkwashi da ke Zamfara, suna sayar wa dillalai a banza. A shekarar 2000 wasu daga cikin kayan Nok suka bayyana a gidan tarihi na Louvre da ke birnin Paris, Turawa suna layi don su gani. Mu da muka gaje su muka kau da kai, ba mu ma san lokacin da aka ɗauke su ba, domin mun riga mun sa musu suna kafin mu ɗaga ido.