Lakros a Lake Placid: Makon da Kaka da Jika Ke Raba Fili

Ku dubi dattijon nan da kyau. Furfura ta gama cin kansa, gwiwa a naɗe da bandeji, ga hular kwano, ga sanda mai raga a hannu, yana haki yana bin wani tsaransa da gudu. Kada ku ɗauka koci ne ko ɗan rakiya, wasa ya zo bugawa. Ta yiwu ma kwana uku da suka wuce, a kan wannan ciyawar, jikarsa ce ta buga nata yana gefe yana yi mata ihu.

Nan Lake Placid ne, ɗan ƙaramin gari cikin duwatsun Adirondack a arewacin jihar New York ta Amurka. Mazaunansa ba su kai 3,000 ba, amma sau biyu yana karɓar gasar Olamfik ta hunturu, a 1932 da 1980. Da sunan ƙanƙara duniya ta san shi. Sai dai duk shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, lokacin da zafinsu ya kankama mu kuma damina ta yi tsakiya a wajenmu, garin yakan cika ya batse da masu sanduna. Gasar lakros ce mai suna Lake Placid Summit Classic. A 1990 wasu mutum biyu, George Leveille da Mike DeRossi, suka fara ta da ƙungiyoyi bakwai kacal. Daga baya ƙungiyoyin suka haura 200, maza da mata, tun daga 'yan makaranta har zuwa waɗanda suka ba shekara 60 baya.

To, kafin mu yi nisa, mene ne lakros ɗin?

Ga sandar. A bakinta akwai 'yar raga mai kama da aljihu. Da ita ake cafe ƙwallo, da ita ake gudu da ita, da ita ake jefawa. Ƙwallon ta roba ce zalla, babu iska a ciki, ba ta wuce girman lemon zaƙi madaidaici ba, nauyinta wajen giram 145. Idan ƙwararre ya sake ta, gudunta kan haura kilomita 140 a sa'a, saboda haka mai tsaron raga a wannan wasa sai mai ƙarfin hali. Kun ga yadda ɗan wasan nan ke jujjuya sandar yana gudu, kamar mai rarrashin jariri? Haka yake hana ƙwallon faɗuwa. Su kansu masu wasan daga shimfiɗar jariri suka aro sunan wannan motsi.

A wasan maza kowane ɓangare mutum goma ne: uku a gaba, uku a tsakiya, uku a baya, sai gola. Filin ya kai mita 100 a tsawo, 55 a faɗi. Sandar 'yan gaba gajera ce, mita ɗaya da 'yan kai. Ta 'yan baya kuwa takan kai tsawon mutum, don su riƙa tsokano ƙwallo daga nesa. An yarda ka bugi sandar abokin karawa, an yarda ka bangaje shi da kafaɗa, amma wanda ya wuce gona da iri sai ya fita ya zauna na daƙiƙa 30 ko minti ɗaya ko fiye, 'yan'uwansa su ci gaba da wasa a rage.

Abubuwa biyu za su ɗaure wa mai kallon ƙwallon ƙafa kai. Ragar da gola ke tsarewa ba a kan layin ƙarshe take ba, an shigo da ita cikin fili, don haka ana zagayawa bayanta a ƙulla hari daga can. Sannan idan aka kai hari ƙwallo ta saɓa ta fita waje, ba a tambayar wa ya taɓa ta ƙarshe. Wanda ya fi kusa da ita lokacin da ta tsallake layi, ƙungiyarsa ce da ƙwallo. Shi ya sa za ku ga ƙato yana nitso da sanda a miƙe yana bin ƙwallon da ta riga ta tafi. Lafiyarsa ƙalau, doka ce ta sa shi.

Wasan mata kuwa yana da nasa tsarin. A makarantu da jami'o'in Amurka mutum 12 ne kowane ɓangare, babu bangaza irin ta maza, aljihun ragar bai da zurfi, yawanci abin kare ido da na haƙori kawai ake sawa. Tun da ƙwallon ba ta da wurin ɓuya a sandar, sai mai hannu. Ni dai in kuka tambaye ni, wanda yake son ganin tsantsar gwaninta ya fara da filin mata. A makarantar St Leonards ta Sikotilan aka fara buga na mata a 1890, wata tsohuwar ɗalibar makarantar, Rosabelle Sinclair, ta kafa ƙungiya a Baltimore a 1926.

Mu koma Lake Placid. Abin da ya riƙe gasar nan shekara fiye da 30 shi ne rabon shekaru. Farkon mako na 'yan makaranta ne, maza da mata. Idan suka watse sai manya su shigo, su ma kashi-kashi: akwai rukunin matasa masu jini a jika, inda ake ganin fitattun 'yan wasan jami'o'i, akwai na 'yan 30 zuwa sama, na 'yan 40, na 'yan 50, har na 'yan 60. Kowa da tsaransa. Mutum ba ya yin ritaya, rukuni kawai yake sauyawa.

Don a gane nauyin wannan, sai a san yadda wasa yake a Amurka. Can, wasanni a jikin makaranta suke rataye. Yaro ya buga a sakandare, in ya yi sa'a ya buga shekara huɗu a jami'a, ranar da ya karɓi digiri shi ke nan, ga mafi yawansu an rufe littafi. Lakros ba shi da kuɗi irin na ƙwallon kwando ko ƙwallon ƙafar Amurka, 'yan ƙalilan ne ke cin abinci da shi. Saura kowa ya kama gabansa, wannan lauya, wancan malamin makaranta, wani ɗan kwana-kwana. Ga shi ba wasa ne da za ka fita bakin layi da yamma ka tara mutum ashirin da kayansu ba. Saboda haka ƙungiyoyi da yawa a gasar tsofaffin abokan makaranta ne, waɗanda suka warwatsu a jihohi, sai wannan makon ne ke haɗa su. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa. Su tasu har da sanda. Ana kama gida guda a yi haya, a zo da mata da yara, da safe a buga wasa, da yamma a gangara bakin tafkin Mirror da ke tsakiyar gari a tsoma ƙafafun da suka kumbura.

Wasan dattawa kuwa abin kallo ne. Gudu ya tafi, amma ido da hannu suna nan. Saurayi zai ɗauki ƙwallo ya nemi keta mutum uku, dattijo kuwa ya tsaya cak ya aika ta inda ya san abokinsa na shekara 40 zai bayyana. Da yake doka ta yarda a riƙa canjin 'yan wasa ana cikin bugawa ba adadi, wanda numfashi ya ƙare masa sai ya fito ya huta wani ya shiga. Filayen suna North Elba, daura da inda aka yi bikin buɗe Olamfik na 1980, kuma daga nan ana hango dogayen hasumiyoyin da masu tsalle kan ƙanƙara ke sulalowa. Akwai irin wannan gasa a Vail ta jihar Colorado, wadda ta ma girme ta, don tun 1973 aka fara ta a Aspen. Vail ɗin kuma tudu ne, wajen mita 2,500 sama da teku, inda iska kan yi wa matasa ma kaɗan, balle tsofaffi.

Amma wannan al'ada ta riƙe sanda daga ƙuruciya har tsufa ba a 1990 aka ƙirƙiro ta ba. Ku hau mota daga Lake Placid ku yi arewa kamar sa'a biyu, za ku isa Akwesasne, ƙasar Mohawk a kan iyakar Amurka da Kanada. Mohawk ɗaya ne daga al'ummomi shida da ake kira Haudenosaunee, tare da Oneida, Onondaga, Cayuga, Seneca da Tuscarora. Su da sauran 'yan asalin nahiyar ne masu wasan, tun kafin Bature ya taka ƙasar. A wurinsu kyauta ce daga Mahalicci, ana buga shi don neman waraka ga mara lafiya, ana buga shi don sasanta rikici, wani lokaci ɗaruruwan mutane a fili mara iyaka. A al'adarsu akan ajiye wa jariri namiji 'yar sandar katako a shimfiɗarsa, in mutum ya rasu kuma a binne shi da tasa.

Wani ɗan mishan Bafaranshe, Jean de Brébeuf, ya ga ana bugawa a ƙasar Huron, wata al'ummar 'yan asalin nahiyar, ya rubuta labarin a wajajen 1636, kuma daga kalmar Faransanci mai nufin sanda mai lanƙwasasshen kai sunan lakros ya fito. A 1867 wani likitan haƙori a Montreal, William George Beers, ya tsara dokoki a rubuce, ya taƙaita fili da yawan 'yan wasa. Ba a yi shekara 15 ba, a 1880, sai masu shirya gasa a Kanada suka rufe wa 'yan asalin ƙofa, wai su da kuɗi suke bugawa. An karɓe wa mai kaza kazarsa, an kuma hana shi ko romon. Daga nan wasan ya zama na makarantun masu hali a gabashin Amurka, kuma har yau wannan tambarin bai gama goguwa ba. Kayan wasa, kuɗin rajista, masauki a garin shaƙatawa a tsakiyar lokacin hutu, duk ba na kowa ba ne, kuma in kun duba fuskokin da ke gefen fili za ku ga haka da idonku.

Haudenosaunee dai ba su bar kayansu ba. A 1983 suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, da tutarsu da fasfonsu. A 2010 Birtaniya ta ƙi amincewa da fasfon, suka rasa gasar duniya a Manchester, suka ƙi kuma karɓar na Amurka ko Kanada don su tafi. Sun zo na uku a duniya a 2014 da 2018 da 2023. A 2020 ƙungiyar Ireland ta janye da kanta daga wasannin duniya na 2022 a Birmingham ta jihar Alabama don a ba su gurbi. A waccan gasar ta 2014 a Denver ne kuma Uganda ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta buga.

A 2028 lakros zai dawo Olamfik a Los Angeles, karon farko da za a ba da lambar yabo a kansa tun 1908, da sabon salo na mutum shida-shida a ƙaramin fili mai gudu ba tsayawa. Yaran da kuke gani a farkon makon nan a Lake Placid, can idonsu yake. Shi kuwa dattijonmu an hura usur, ya cire hular kwano, ya zauna a kan akwatin ƙanƙara yana kwance bandeji, yana tambayar ƙarfe nawa ne wasan gobe.