Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishiniya A Ɗakin Wasan Yara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranki ya daɗe Hajiya Kwamishiniya, iyayenmu hakimai da malamai, da mata da kunka baro aikin gida kunka taho cikin ranar ga ta Sakkwato, lale marhabin, sannunku da zuwa.

Hajiya, ɗakin ga da kinka gani tabarma ce da farantin yashi da 'yan tsana da laka da fensir mai kala, wasu in sun leƙo sai su ce ai wasa ne kawai. To wasan shi ne maganin. Babba in abu ya ci mishi rai zai zauna ya faɗi, amma yaro ɗan shekara 5 ina ya ga kalmomin? A hannunshi abin ke fitowa.

Akwai yaron da anka kawo mana daga wajen Sabon Birni bayan 'yan bindiga sun tada ƙauyensu, ya bar magana, ga fitsarin kwance ga dukan 'yan uwanshi, wasu sunka ce iska ce wasu sunka ce taurin kai ne a sa mishi bulala. Duk sati in ya shigo sai ya jera shanun laka ya ɗauko ɗan mashin na roba ya watsa su, ya sake jerawa ya sake watsawa, wallahi ni kaina sai na danne hawaye, amma ba mu hana shi ba kuma ba mu tsare shi da tambaya ba, don ƙa'idar da Virginia Axline, masaniyar halayyar ɗan Adam ta Amurka, ta shimfiɗa tun 1947 ita ce yaro ke jan gaba, babba na biye. Ran nan sai ya gina shinge ya kewaye shanun. Uwarshi ta ce daren nan ya yi barci har asuba.

Aikin ya fi dacewa da 'yan shekara 3 zuwa 12, wanda lamarinshi ya fi ƙarfinmu kuma muna tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.

Roƙonmu ranki ya daɗe, a horar da malaman firamare da ke karɓar ɗiyan 'yan gudun hijira daga Isa da Rabah da Goronyo, a ba su ko da ɗaki guda mai ƙofa, don yaro ba ya sakin jiki ana leƙe.

Bismillah Hajiya, mu shiga, sai dai a tuɓe takalmi, kan tabarma za mu zauna tare da su.